Romon Kifin da Baba Ya Ƙi Sha

Baja, farkon Nuwamba, 1934

Ƙanena Dezső,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da ƙurar kwal ta sa maka ya sake ka. Mu nan sai godiyar Allah. Sanyi ya fara shigowa. Da safe tururin ruwa yakan rufe koginmu Duna ruf, ko tsallake ba a hangowa, sai dai ka ji masunta suna kiran juna ba ka ganin kowa. An janye jiragen niƙa, masu niƙa hatsi da ƙarfin ruwa, zuwa gaɓa an ɗaure, sai kuma bazara. Ban san a wace tasha takardar nan za ta riske ka ba. Na kai ofishin jiragenku, suka ce za su bi ka da ita.

Baba ne jikinsa ya ɗan motsa. Ran Lahadi mun dawo daga coci, ya sunkuya zai kwance takalmi, sai ya sulale ya zauna a ƙasa, yana hararata kamar ni na ture shi. Likita ya ce ɓarin dama ne ya yi nauyi, hannu da ƙafa, amma in dai yana cin abinci zai tashi. To, ga abin: ba ya ci. Na yi romon kaza, na dama madara da gari, na dafa dankali na murƙushe, duk sai ya kau da kai. Magana ɗaya ce take fita daidai daga bakinsa, "Romon kifi."

Kai ka sani, tun ina 'yar ƙarama nake murza taliya a gidan nan, amma ban taɓa ɗora hannu a kan bogrács ba, tukunyar tagullarsa mai rataya. A Baja romon kifi na maza ne. Kai aka tsayar a bakin wuta, ni aka kora ɗakin girki da gari da ƙwai. Don haka ka zauna ka rubuto mini yadda ake yi, daga farko har ƙarshe. Ban da tatsuniyoyin nan naka, don Allah.

Yayarka,
Jolán

Braila, ƙarshen Nuwamba

Yaya Jolán,

Takardarki ta same ni lafiya lau. Tari ya tafi, sai dai baƙin kwal da ya ƙi fita daga wuyana. Ina gaishe ki, a gaida Baba, a gaida Kawu Vendel da tsohuwar komarsa mai ɓula.

Na karanta na yi dariya. Baba Kálmán, mutumin da yake saɓa buhun gari yana waƙa, shi ne zai kwanta don hannu ya yi nauyi? Kin manta lokacin ciwon haƙori, da ya yi yajin cin abinci har sai da muka taru muna lallashi? Shagwaɓar tsufa ce. Kafin in dawo ya warware, zai tarbe ni da faɗa a bakin ƙofa.

Yaya, da kin ga kogin namu a nan ƙasa ba za ki gane shi ba. Ya yi faɗi har ya manta yana da gaɓa. Idan na fito daga ɗakin wuta da rana, inda nake zuba wa injin jirgi kwal, nakan zauna a bayan jirgi ina kallon kwale-kwalen alkama da muke ja suna biyo mu shiru, sai in ce a raina ruwan nan ta ƙofar gidanmu ya wuce kafin ya iso nan. Wataƙila ma a cikinsa kika wanke kwano. Jiya barci ya sace ni a wurin, na ga jirgin niƙan Baba ya tsinke daga igiya yana tafe a kan ruwa shi kaɗai, ƙaton wilin katakonsa yana juyawa, gari yana tashi fari fat, ga tukunya rataye tana tafasa ba kowa kusa da ita. Na farka da ƙamshin tattasai a hancina.

Kin ce ban da tatsuniya, amma romon nan ai shi kansa tatsuniya ne. Kakanmu yakan ce a da masunta farin romo suke sha, kifi da albasa da ruwan kogi kawai. Jan tattasai Turkawa ne suka bar mana da za su tafi. Masu hali suka raina shi, su suna da masoro, sai talaka ya rataya a bango ya bushe, ya daka, yana sha a matsayin maganin zazzaɓi, kafin ya gane na tukunya ne. Taliya kuwa mu masu niƙa muka ƙara, don romo zalla ba ya riƙe cikin mai ɗaukar buhu, ga gari kuma a hannu. Kin ga ke nan rabin romon Baja naki ne tun asali. Me kike nema da sauran rabin?

Ki bar tukunya inda take. Ki roƙi Kawu Vendel ya dafa masa, ai maƙwabci ne, kuma a kogi ya tsufa.

Ƙanenki,
Dezső

Baja, tsakiyar Disamba

Dezső,

Ina gaishe ka, tunda gaisuwa wajibi ce. Lafiyata ƙalau. Ta Baba ce babu.

Na gaji da leƙen mai kawo wasiƙu, sai ga taka ta zo cike da mafarki da Turkawa. Dariya ka ce ka yi? Ni na rubuta "ya ɗan motsa", ina gudun tayar maka da hankali a ƙasar mutane. To, bari in faɗa maka sak. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Zoben aurensa ya zame daga yatsa, a cikin bargo na tsince shi. Da ruwa yake rayuwa, sai ɗan madara da gutsuren burodi idan ya ga ina kuka.

Na bi shawararka. Kawu Vendel ya kamo ponti mai ƙiba, irin kifin da Baba yake so, ya dafa a tsakar gidansa, ya kawo da kansa yana tururi, har da sa rigar zuwa coci. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Tashi, tsohon ɓarawon gari, ga abin da kake damun mutane a kai."

Baba ya shinshina ya ce, "Na wa?"

"Nawa mana. Na wa kake so, na bishop?"

"Gishiri," in ji Baba.

"Kai, ko ɗanɗanawa ba ka yi ba!"

"Na san ka."

Ya juya fuska bango. Kawu Vendel ya fita yana zage-zage, amma a bakin ƙofa na tarar da shi yana share ido da hula.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na dafa a kan murhun ɗaki, a tukunyar miya, ina juyawa da ludayi yadda nake yi wa kowace miya. Kifin ya dagargaje, ƙaya ta watsu ko'ina. Wannan ko shinshinawa bai yi ba.

Ina jin tsoro, Dezső, kuma ina jin haushinka. Ko dai ka zo, ko ka rubuto abin da na tambaye ka.

Jolán

Orsova, Janairu, 1935

Yayata,

Allah ya sa takardar nan ta same ki da ƙarfin zuciya, ya sa ta sami Baba da sauƙi. Ni lafiya, in wannan ma lafiya ce. Taki ta je Braila bayan mun taso, ta yi ta bin mu tasha tasha, sai shekaranjiya ta shigo hannuna. A tsaye na fara karantawa, a zaune na ƙarasa. Ki yafe mini dariyar nan.

Zuwa ba hali. Ƙanƙara ta kama mu a nan, kogi ya daskare daga gaɓa zuwa gaɓa, jirage sun tsaya cak. Na roƙi kyaftin, ya ce ko ya sake ni, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar jirgin ƙasa a cikin duwatsu. Da tsakar rana ƙanƙarar takan yi wani dogon nishi daga ƙasa. Na sauka na kara kunnena, na ji ruwa yana tafiya a ƙarƙashi, amma ba gida ya nufa ba, daga gida yake fitowa. Ga abin da kika nema, ki karanta a hankali.

A waje ake yi, a kan wutar itace, ba a ɗaki ba. Ki sami ponti da ɗan tarwaɗa. Kada ki zubar da jinin kifin, daɗin yana ciki. Ki yanka gunduwa gunduwa, ki tsattsaga kowace, ki barbaɗa gishiri ki bar shi ya huta. Kai da jela a ƙasan tukunya, albasa yankakkiya ƙanana a kai, sannan tsoka. Ruwan sanyi za ki zuba, na sanyi fa, Yaya, har ya rufe kifin. Sai wuta, babba, wadda harshenta zai lashi gefen tukunya, don romon kifi ba ya son lallaɓa. Idan ya tafaso kumfa ta taso, kada ki kwashe. A lokacin ne za ki zuba garin tattasai, wanda ake kawowa daga Kalocsa, kuma kada ki yi masa rowa. Za ki ga kumfar ta koma ja tana zagaya bakin tukunya. Ƙwan kifin daga baya yake shiga, tare da 'yan barkono masu zafi.

Babban abin kuma, ludayi ba ya shiga. Ko kusa. Mariƙin tukunyar ake kamawa, a murɗa hagu, a murɗa dama, romon ya zagaya da kansa kifin bai fashe ba. Ranar da Baba ya fara koya mini na ɗauko cokali, ya buge hannuna ya ce, "Kai ɗan Szeged ne? Su ne suke dama kifi su tace kamar kunun jarirai." Idan kika shafa romon a yatsu biyu suka manne da juna, ya yi.

Ki rubuto ko da layi ɗaya ne.

Ƙanenki,
Dezső

Baja, farkon Fabrairu

Dezső,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na huce, kada wannan ya dame ka.

Na yi duk yadda ka ce. Na sauko da tukunyar, na goge ta da toka har ta yi ƙyalli. Na share dusar ƙanƙara a tsakar gida, na kafa ƙafafun ƙarfen, na rataya ta. Matan layinmu suka leƙo ta saman katanga, wata ta ce, "Jolán, ai sai ki sa wando ki huta." Na ce ta aro mini na mijinta, tunda a gidansu ba shi yake sawa ba. Suka watse suna dariya.

Kawu Vendel ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya ce, "'Yar nan, da ke namiji ce da yau na kwana da baƙin ciki."

Na kai wa Baba a kan taliya sirara kamar tsinken ashana. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya karɓi cokali ɗaya ya riƙe a baki, har na fara sa rai, sai ya bar shi ya zubo ta gefen baki, ya rufe ido.

Likita ya daina rubuta magani. Fada ya zo daga coci ya shafa masa man da ake shafa wa mai shirin mutuwa. Ban san me ya rage in yi ba.

Jolán

Orsova, tsakiyar Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙu yana tsaye a kaina. Ban ji daga gare ki ba, shirun nan yana cina. Ƙanƙara ta fara tsagewa, manyan ɓangarori suna ɓallewa suna wucewa. Kyaftin ya ce da zarar hanya ta buɗe za mu taso. Ki faɗa wa Baba a kunne, Dezső yana zuwa, shi zai dafa. Ya jira ni.

Dezső

Baja, farkon Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fata jirginku ya samu hanya. Kafin komai, Baba yana da rai. Zauna ka karanta sauran.

Takardarka ta zo, na faɗa masa a kunne yadda ka ce, kullum safiya sai na maimaita. Bai taɓa nuna ya ji ba. Ran Talata da hantsi ina zaune a gefen gadonsa ina ɗinke safa, rana ta shigo ta taga ta sauka a kan bargo, sai na ga hannunsa na hagu, mai lafiyar, a dunƙule yana motsi. Ya karkata nan, ya karkata can, ya tsaya, ya sake. Na sha ganin haka tun da ya kwanta, ina ɗauka makyarkyatar ciwo ce. Amma yanzu wuyan hannuna ya san motsin nan, tunda ni ma na yi shi. Tukunya yake murɗawa, Dezső, idonsa a rufe.

Safar ta faɗi daga hannuna. Ka tuna da kyau, ka taɓa ganin Baba ya sha romon wani? A bikin aure, a taron masu niƙa, ko'ina, in ba shi ya dafa ba sai ya ci burodi ya ce ya ƙoshi. Mazan garin nan duk haka suke, kowa nasa ne romo, na sauran ruwan wanke kifi ne. Mu kuma duk sanyin nan muna kai masa kwano, alhali tukunya yake tambaya.

Na ruga gidan Kawu Vendel na ce, "Kawu, zo mu fitar da shi tsakar gida."

"Kin haukace? Sanyin nan zai ƙarasa shi."

"To gadon me yake yi masa?"

Ya zare lofe daga baki ya kalle ni, ya ce, "Jeki kawo kujera mai hannu. Ni bari in duba abin da ke cikin koma."

Muka naɗe shi da bargo da fatar tumaki, muka ɗauko shi a kujera. Ba shi da nauyi ko kaɗan, mutumin da ya ɗauke mu mu biyu a kafaɗa. Rigar sanyina ta jiƙe tun safe, sai na zari tsohuwar taka da ke rataye a bayan ƙofa, na ja hularka har kunne. Tururin kogi ya hauro ya cika gidan, katanga ta ɓace, bishiyar tuffa ta ɓace, ba abin da ake gani sai wutar da tukunyar a samanta. Daga nesa ana jin ƙanƙara tana gugar juna tana wucewa. Na ji kamar gidan ne gaba ɗaya ya tashi yana bin ruwa da mu a ciki.

Hayaƙi ya taɓa fuskarsa, ya buɗe ido. Ya dubi wutar ya ce, "Ƙara."

Na ƙara itace. Ya zuba wa tukunyar ido ba ya ko ƙiftawa. Da kumfa ta taso na kai hannu ga garin tattasai, ya ce, "Tukuna." Na tsaya da hannu a sama. Can ya ce, "Yanzu." Na zuba. Ya ce, "Rowa." Na ƙara.

Kawu Vendel ya ce, "Ka ji shi fa. Jiya gawa, yau mai gida."

"Rufe baki, mai gishiri," in ji Baba. Rabon da in ji ya haɗa magana haka tun kafin Kirsimeti.

Sai ya ɗaga hannun hagun yana lalube a iska. Muka matso da kujerar har zafi yana dukan gwiwarsa. Ya kama gefe ɗaya na mariƙin, amma ba ƙarfin da zai motsa tukunya cike. Na kama ɗaya gefen. Ya ja, na bi shi. Ya tura, na bi shi. Romon ya zagaya ja wur, ƙamshin ya tashi. Ya kalli hannun rigar da ke jikina, ya bi ta da ido har zuwa hular, ya ce, "Ka zo."

Kawu Vendel ya buɗe baki, na galla masa harara, ya mayar da lofensa.

Na ce, "Na zo, Baba."

"Ka daɗe."

"Ƙanƙara ce ta tare mu."

"Murɗa da kyau. Kada ka yi mini riƙon mata."

Na murɗa da kyau.

Ya sha, Dezső. A nan tsakar gidan, kwano a kan gwiwa, ina riƙe masa, gashin bakinsa ya yi ja. Ya shanye ya miƙo kwanon. Ya ci tsoka, ya tsotse kan kifin, ya ce albasa ta ɗan yi yawa amma ba laifi. Tun ranar, duk sa'ad da aka samu kifi sai mu fito da shi, in sa rigarka, mu dafa. Ya fara karɓar burodi da madara a sauran ranaku. Likita ya zo ya ga kumatunsa, ya sosa ƙeya ya tafi. Ba na ce maka zai miƙe ba, amma yana ci.

Idan kun iso, kada ka shigo gida kai tsaye. Ka tsaya wurin Kawu Vendel ka aiko a kira ni, mu yi shawara, don ban san yadda za mu yi da Dezső biyu ba. A ɗaki yana gane ni sarai, yana kirana da sunana. A bakin wuta ne kawai ba ya ganina. Na yi murna, Allah ya sani, irin murnar da ban taɓa yi ba. Kuma abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

A ranar farkon nan, da za mu mayar da shi ɗaki, ya riƙo hannun rigar ya ce, "Hannunka ya faɗa, ɗana." Sannan ya waiwaya yana duba cikin farin tururin nan, ya ce, "Ina Jolán? Duk yinin nan ko leƙowa ba ta yi ba."

Na ce, "Ta gaji ne, Baba, ta ɗan kwanta."

Ya ce, "Bar ta ta huta, yarinyar nan tana wahala. Ka ajiye mata tsakiyar kifin."

Na ajiye mata. Bayan mun kwantar da shi na koma bakin wutar, na ci a tsaye, da rigarka a jikina.

Yayarka,
Jolán